Mai Tura Gado

Shekara goma sha tara ina tura gado
a asibitin nan na Catbalogan, bakin teku,
daga ɗakin mata zuwa tiyata, daga tiyata zuwa hoto,
wani lokacin zuwa ɗakin sanyi na can baya.
Tayar hagu tana kuka. Na san ta, ta san ni.

Rosalia Cabueños biyu muka kwantar a mako guda.
Ɗaya mai sayar da busasshen kifi, ciwon sukari ya kawo ta,
ɗaya ta zo a cire mata yanar ido.
Gado na huɗu, gado na tara.
Cikin dare wuta ta ɗauke,
aka kira suna, wadda ba ta yi barci ba ta amsa,
allurar sukari ta shiga jikin da bai neme ta ba.
Kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba.
Ɗanta ya tsaya a baranda da carbi a hannu,
bai zagi kowa ba.
Da ma zagin ya yi.

Ta farfaɗo. Mu ne barcinmu bai koma daidai ba.

Sai ga mutanen Manila da jakunkuna masu taya.
Suka liƙa takardu a bango, ja da kore,
suka kawo inji mai buga suna a munduwar roba
a ɗaura wa kowa a wuyan hannu.
Aka yi taro, aka ci biskit.
Wata likita 'yar siririya ta nuna ni da biro:
"Har da kai, Ponciano. In suna bai yi daidai ba, tsayar da gadon,
ko da babban likita ne ke jira."
Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Wata shida jan layin bango yana gangarowa.
Aka ba mu takardar yabo, aka ɗauki hoto,
ina can gefe, rabin fuskata ce ta fito.
Sannan guguwa ta taso daga teku,
ta yaye kwanon rufi, ruwa ya shiga injin.
Kuɗin mutanen Manila ya ƙare.
Likitar ta sami aiki a Dubai.
Iskar gishiri ta lashe takardun bango.
Masu gadi suka ce ai dama wutar kara ce.

Sista Perpetua ba ta tanka ba.
Ta yanko filasta, ta sayo biro da kuɗinta,
duk wanda aka kwantar ta rubuta masa:
suna, ranar haihuwa, sunan uwa.
Ran Litinin sai ta zagaya da ɗan littafinta
tana ƙirga hannuwa kamar mai ƙirga kaji da magariba.
Ta koya wa sababbi, su ƙware, su haye ƙetare,
ta sake daga farko da waɗanda suka zo.
Ban taɓa jin ta ce masa shiri ko tsari ba.

Jiya aka ce in kawo Eusebio Dacutanan, ƙafar dama.
Na karanta filasta, na tambaye shi da baki.
Ya ce sunan nasa ne, ranar ma tasa ce,
amma uwarsa ba Consolacion ba ce.
Na taka birki a tsakiyar baranda.
Likita ya leƙo, hannuwa a sama cikin safa:
"Me ake jira?"
Gwiwata na rawa na ce, "Uwarsa."

Minti ashirin aka ɓata.
Ashe a rajista ne, akawu ya tsallake layi.
Mutumin shi ne, ƙafar ita ce.
Likita bai yi godiya ba, bai kuma yi faɗa ba.
Na saki birki.
Tayar hagu ta ci gaba da kukanta,
Eusebio na ta ba ni labarin uwar tasa,
Amparo,
wai ba wanda ya kai ta iya gasa kifi a ganyen ayaba.